Littattafai na kulle a ɗaki, uban ɗalibata ya ce ina ɓata masa 'ya

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare (JHS) ta boko da Larabci a yankin Nima, nan Accra. Shekara biyu ke nan da aka kawo mana gudummawar littattafai daga ƙasar waje, kwali goma sha ɗaya. Aka jera su a wani ɗan ɗaki, aka ce ni ce mai kula da su, amma makullin yana aljihun hedimasta. Cewa yake in aka bar yara suna shiga, kafin hutu ba sauran ko ɗaya. Lokacin laburare da ke kan jadawalinmu kuwa malamin lissafi ya karɓe shi yana yi musu pasko, wato bitar tambayoyin jarrabawar shekarun baya. 'Yan ajina su 52 ne, kuma in ba waya ko hirar ƙwallo ba, babu abin da ke jan hankalinsu. Na sayi littattafai kusan ashirin da albashina, har maigidana ya fara magana. Yarinya ɗaya ce, 'yar shekara 14, ta kamu da son karatu. Wata rana na roƙi makulli na ɗauko mata wani littafi daga cikin na gudummawar, ban karanta shi ba. Ashe labarin soyayya ne na manya. Babanta ya gani, ya zo makaranta ya yi mini tas a gaban ɗalibai, ya ce ina lalata masa tarbiyyar 'ya, kuma ya hana ta taɓa komai sai littafin aji da Alƙur'ani. Yanzu ko ido ba ta haɗawa da ni. Hedimasta ya ce da ma ya faɗa. Ina ji kamar in tattara in koma koyar da pasko kamar kowa. Ki ba ni shawara.

Malama daga Nima

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari, kuma sannu da haƙuri. A ɗaga wa malami murya a gaban ɗalibansa abu ne mai ƙuna, kuma ƙunar tana daɗewa, don gobe ma a gabansu za ki tsaya da alli a hannu. Ban ga laifinki ba da zuciya ta ce ki ajiye. Amma ki ɗan jinkirta yanke hukunci har ranki ya huce, domin matsaloli da dama ne suka haɗu miki wuri ɗaya, kuma kowacce da ƙofarta.

Wadda ta fi gaggawa ita ce yarinyar. Ba ƙinki take yi ba. Kunya ce ta rufe ta, tana ganin ita ta jawo aka ci mutuncin malamar da ta fi so, a gida kuma ana yi mata kallon wadda aka kama da abin kunya. Ki kira ta gefe, ba a ofis gaban sauran malamai ba, ki gaya mata a fili cewa ba ta yi laifin komai ba, ke ce kika ba ta littafin da ba ki duba ba. Magana biyu ta isa. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ki riƙa zura mata littafi a jaka a ɓoye. Tausayi zai sa ki so yin haka, amma ranar da aka sake kamawa ita za ta sha, kuma kin koya mata cewa karatu abu ne da ake yi a bayan idon iyaye.

Game da babanta kuwa, ƙanwata, zan gaya miki gaskiya. Hanyar da ya bi ba daidai ba ce, amma abin da ya fusata shi yana da tushe. Kwalayen gudummawa sau da yawa abin da aka kwashe ne daga gidajen mutane da shagunan tsofaffin kaya a Ingila ko Amurka, ba wanda ya zauna ya tace su da 'yar Nima mai shekara 14 a ransa. Ki kuma tuna mai yiwuwa mutumin nan ba ya karanta Turanci sosai. In haka ne, hoton bangon shi ne dukan abin da zai iya aunawa, kuma abin da ya gani ya tsorata shi. Uba ne mai budurwa a gida, yana ganin abin da waya ke yi wa 'ya'yan maƙwabta, sai ga shi wurin da ya amince da shi ya turo masa wannan.

Ki je gidansu. Kada ki aika takarda, kada ki jira taron iyaye da malamai. Ki nemi malamin Larabci na makarantarku ko wata dattijuwar malama ta raka ki, ku fara gaisawa da uwar yarinyar, ita za ta san lokacin da maigidan yake da sauƙin magana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki ba shi haƙuri a kan wannan littafin, ki ce sakaci ne kuma ba zai sake faruwa ba. Amma kada ki ba da haƙuri a kan cewa kin sa 'yarsa son karatu. Kada kuma ki je masa da ayoyi da hadisai kan neman ilimi, ya san su, kuma zai ji kamar kin zo yi masa wa'azi a zaurensa. Ki riƙo littattafai biyu ko uku da kika karanta daga bango zuwa bango, ki faɗa masa da Hausa abin da ke cikin kowanne, ki ce daga yau duk wanda za ta kawo gida sai shi ko wanda ya yarda da shi ya gani. Ki kawo shawarar ta riƙa karanta wa mahaifiyarta da ƙannenta bayan isha'i tana fassara musu. Da haka littafin ya fito tsakar gida, kowa ya ji abin da ke cikinsa. In ya ce a'a, ki karɓa da mutunci, ki sanar da shi cewa karatun da ake yi a aji tare da kowa zai ci gaba don yana cikin aikin makaranta, ki bar sauran ga lokaci. Iyaye da yawa sukan sauko idan suka ga sakamakon jarrabawa.

Akwai wani abu da nake so ki sani, ke da ɗalibanki, don ana yawan yi mana kallon mutanen da karatu bai dama ba. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da kuma Hausar ajami, kuma ɗalibansa sun bazu a zangunan ƙasar nan. Rubuce-rubucen irin waɗannan malamai suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, inda aka tattara su tun shekarun 1960. Yaron da ya tashi da allo a hannu tun yana shekara huɗu ba baƙon rubutu ba ne. Abin da bai saba da shi ba shi ne karatun da ba hadda, ba bulala, ba maki.

Sai hedimasta. Shi ma ki dube shi da adalci. Littattafan nan an rubuta adadinsu a wata takarda da sa hannunsa, kuma ranar da jami'an ilimi ko masu gudummawar suka zo, shi za a tambaya. Saboda haka kada ki nemi ya buɗe ɗakin gaba ɗaya, ba zai yi ba, musamman yanzu. Ki nemi abu ƙarami: izinin ki shiga ki tace littattafan, aikin da abin da ya faru ya nuna wajibi ne, sannan ki ware guda sittin kacal a akwati ɗaya mai kwaɗo wanda zai zauna a ajinki na zangon karatu ɗaya. Ki rubuta sunayensu a takarda biyu, ɗaya gare shi ɗaya gare ki. Ku yi magana tun farko cewa wasu za su yage, biyu ko uku za su ɓata, kuma hakan ba zai zama dalilin rufe akwatin ba. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya yi aikinsa, wanda ke kulle kuwa damina da gara za su cinye shi ko da ba wanda ya taɓa. Rajistar aro, wato littafin rubutu mai layi huɗu na suna da sunan littafi da ranar ɗauka da ranar dawowa, ki damƙa ta ga ɗalibai biyu, mace da namiji, ana canza su duk wata. Ki sa ɗaya daga cikin masu taurin kai a ciki. Za ki yi mamakin yadda yaron da aka ba amana yake bin abokansa har gida karɓo littafi.

Malamin lissafi ba abokin gabarki ba ne, jarrabawar kammala JHS, wato BECE, ce take kora shi kamar yadda take kora kowa. Ki zauna da shi ki nuna masa abin da ya riga ya sani: tambayoyin lissafi da kimiyya da na zamantakewa duk da Turanci suke zuwa, kuma yaro da yawa ya iya lissafin amma ya kasa gane abin da ake tambayarsa, ko ya ɓata rabin lokacinsa yana tattaɓa jimla ɗaya. Saurin fahimta ba ya samuwa a watan jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki roƙi a raba lokacin, ko kuma ki yanki minti 15 daga farkon darasinki. Minti 15 sau biyar a mako, a mako 12, awa 15 ke nan na karatu zalla a zango ɗaya.

Yanzu bari mu zo kan yaran, don nan ne aikin yake. Cikin 52 ɗin nan ba cuta ɗaya ke damunsu ba. Akwai waɗanda suka kai aji biyu na JHS ba su iya karatu da kyau ba, kuma sun ƙware wajen ɓoyewa: su ne masu surutu a baya, masu cewa littafi na ƙananan yara ne, masu neman izinin fita da zarar an ce a buɗe shafi. Matashi ya gwammace a ce masa mara ji da a ce masa daƙiƙi. Ki gano su a hankali. Kowace rana ki kira uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya zuwa teburinki, kowa ya karanta miki minti ɗaya a hankali yadda ba wanda zai ji, ki lura da inda yake tuntuɓe. Cikin mako uku kin san ajinki. Waɗannan kada ki taɓa tsayar da su su karanta a gaban aji ba shiri. Ki ba su littattafai masu sauƙi da hoto da hujjar da za ta kare musu mutunci, ki ce su shirya don za su je su karanta wa 'yan firamare aji biyu ranar Juma'a. Yaron da zai ji kunyar riƙe littafin yara don kansa zai maimaita shi sau biyar in an ce shi ne malami.

Sauran sun iya, ba su dai taɓa haɗuwa da littafin da ya yi magana da su ba. Maganinsu na farko muryarki ce. Ki zaɓi labari mai tafiya da sauri, ki karanta musu da baki kamar yadda kakanninmu suke ba da tatsuniya, ki canza murya, ki yi shiru inda ya kamata, in kalma ta yi nauyi ki jefa ma'anarta da Hausa ki wuce. Daidai inda numfashinsu ya tsaya, ki rufe littafin ki ajiye shi a kan tebur ki ce sai gobe. Kada ki ce kowa ya ɗauka. Kafin mako ya ƙare wani zai zo ya ce, Madam, ko zan iya dubawa lokacin hutu? Daga nan ya fara.

Ki bar su su zaɓa da kansu, kuma ki ba su damar ajiye littafin da bai yi musu ba bayan shafi goma. Ki koya musu gwajin yatsu: ya buɗe shafi ɗaya a tsakiya, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa, in hannu ya dunƙule kafin ƙarshen shafi to littafin ya yi masa nauyi a yanzu. Kuma don Allah kada ki ce a rubuto taƙaitaccen labari a kawo ki ba da maki. Da kin yi haka ya zama aikin gida. Abin da ya fi shi ne ranar Alhamis ki ba mutum uku minti biyu kowanne, su yi tallar littafin da suka karanta kamar mai talla a kasuwar Nima, da Turanci ko da Hausa, ba tare da sun faɗi ƙarshensa ba. Matashi ya fi jin maganar abokinsa a kan ta malami. A lokacin karatun shiru kuma ke ma ki riƙe naki littafin, kada ki zauna kina duba jarrabawa.

Kin ce ƙwallo da waya kawai suka sani. To ki shiga ta nan. Shafin wasanni na jarida karatu ne. Junior Graphic, wadda ke fitowa mako-mako don 'yan makaranta, kwafi ɗaya ya ishi aji in an raba shafukan. Tarihin rayuwar 'yan ƙwallo yana kama samari, balle a unguwar da Mohammed Kudus ya tashi. Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana tana da manhajar waya mai littattafai, akwai kuma African Storybook a intanet, kyauta, mai gajerun labarai da harsunan Afirka har da Hausa, waɗanda za ki iya saukewa ki buga a takarda. Wannan batun Hausa yana cikin raina ƙwarai. Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da ake koyarwa a makarantun gwamnati, yaranmu a Accra Ga ko Twi ake ba su, shi ya sa da yawansu ba su taɓa ganin harshen da suke mafarki da shi a rubuce bisa ƙa'ida ba. Ki buga musu gajeren labari daga shafin BBC Hausa, ki nuna musu ƙ da ɗ da ɓ, ki bari su yi ta gardama kan bambancin Hausar Kano da tamu ta Zango. Ranar ba za ki rasa mai ɗaga hannu ba. In za ki ƙara littattafan Turanci, ki fifita na marubutan Ghana da kamfanoni irin su Afram da Sub-Saharan Publishers suke bugawa, inda yaro zai ga tirotiro da waakye da sunan da ya sani.

Sannan ki fitar da su daga ajin. Ba sai kin yi nisa ba, a nan Nima da Mamobi akwai ɗakunan karatu na al'umma da ƙungiyar Osu Children's Library Fund ta taimaka aka kafa. Wadda ta assasa ƙungiyar, Kathy Knowles 'yar Kanada, a 1990 ta fara da karanta wa yaran maƙwabta labari a ƙarƙashin bishiya a gidanta, ba gini ba kanta. Akwai kuma Babban Laburaren Accra a tsakiyar gari, ƙarƙashin hukumar da ta fara aiki tun 1950. Ki fara zuwa ke kaɗai, ki gaisa da ma'aikatan, ki tambayi yadda ake yi wa ɗalibai rajista, ko suna ba makaranta aron littattafai a dunƙule, da yadda ake neman motar laburare ta ziyarci makaranta. Bayan nan ki karɓi izinin iyaye a rubuce, ki kai su goma sha biyar-goma sha biyar, ba duka 52 lokaci ɗaya ba.

Yawancin yara ba su shiga laburare ne don ba su san yadda ake yi a ciki ba, suna tsoron a kore su ko a tambaye su kuɗi. Ki koya musu sirrin lambobin da ke jikin littattafai. A tsarin Dewey da yawancin ɗakunan karatu ke bi, 200 addini ne kuma Musulunci yana 297, 500 kimiyya, 796 wasanni, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, tarihin Ghana yana 966.7. Ki raba su uku-uku, ki ba kowane rukuni 'yar takarda mai tambaya ɗaya: a nemo littafi kan Musulunci a rubuto sunan mawallafinsa, a nemo taswirar da Salaga ke ciki, a nemo littafin da aka buga a Accra. Wanda ya gano kanta da hannunsa sau ɗaya ya san hanya. Ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, ta dace da irin wannan fita, kuma a irin ranar ce a 2023 Accra ta karɓi kambun UNESCO na Babban Birnin Littafi na Duniya.

In abin ya ɗan kankama, ki ba su aikin da iyaye za su so. Kowa ya zauna da kakarsa ko wani dattijo a gidansu ya tambaye shi daga ina zuriyarsu ta zo, wace sana'a ta kawo su, goro ne ko shanu ko aikin soja, yaya Nima take a lokacin. Su rubuta shafi biyu, ki gyara, a ɗinke su wuri ɗaya da bango mai ƙwari, a sa a akwatin ajin da lamba kamar kowane littafi. Ina tabbatar miki shi zai fi kowanne tsufa da wuri. Kuma wannan aiki ne da yarinyarki za ta iya yi da izinin babanta, har ma shi ya zama wanda za ta yi wa tambayoyin.

Batun kuɗi gajere ne: ki dakata da saye. Maigidanki yana da gaskiya, albashin malami ba zai ɗauki laburare ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ashirin ɗin da kika saya ki rubuta sunanki a ciki, su zauna a matsayin naki da kike ba da aro. Ki gaya masa kin tsaya, ki gode masa da haƙurin da ya yi. Abin da ake buƙata nan gaba a nema ta hannun kwamitin iyaye, da tsofaffin ɗalibai, da wasiƙa mai sa hannun hedimasta zuwa ƙungiyoyi irin su Ghana Book Trust.

In hedimasta ya ƙi ko da akwatin sittin ɗin, kada ki yi jayayya da shi. Kina da littattafanki ashirin, kina da muryarki, kina da minti 15 na darasinki, kuma laburaren unguwa ba ya buƙatar makullinsa. Ki yi zango ɗaya da su, ki ajiye rajistar aron da kyau, a ƙarshe ki kai masa ya ga adadin da aka ara da adadin da suka dawo. Amma kafin duk wannan, gobe da safe ki fara da yarinyar, kuma kada mako ya fita ba ki taka gidansu ba. Ki rubuto mini yadda kuka yi da babanta. Allah ya dafa miki.